UWA, DUBI GASHIN YARONKI!

'Yar'uwa, kin kawo yaro awo, madalla. Kafin a ɗora shi kan sikeli, cire masa hula ki dubi kansa da kyau. Gashi yakan nuna ciwon da ke cikin jiki tun yaro bai iya cewa komai ba.

Yawancin gashin da muke gani ya lalace a nan Kafin Hausa, tamowa ce. Gashin ya yi ja, ya yi laushi, in kin taɓa ya tuge, ƙafafu su kumbura. Maganinsa abinci ne: nonon uwa, kunun gyaɗa, wake, ƙwai, da kifin nan na Kogin Haɗeja. In kuwa gashin ya zube wuri-wuri da ɓawo, maƙero ne, akwai maganinsa a asibiti.

To, amma akwai wani iri. Yaro yana samun abinci, gashi kuwa ya ƙi tsawo, sai karyewa yake yi. Wannan yana iya zama gado, kamar yadda ake gadon sikila. Ba maita ba ce, ba iska ba ce, ba kuma laifin nononki ba ne. Sau da yawa gashin da wanzami ya aske ran suna lafiya lau yake. Wanda ya tsiro daga baya shi za ki sa wa ido.

Wani, in likita ya duba silin da madubinsa, sai ya gan shi ƙulli-ƙulli kamar carbi. Galibi uwa ko uba na da irinsa. Ba ya taɓa lafiya, a dai bar matse kitso da man miƙar da gashi. Wani kuma gaɓa-gaɓa kamar gora, fata ta yi ja tana saɓa tun haihuwa. Wannan daga uwa da uba duka ake gadonsa, don haka ya fi fitowa a auren zumunci.

Wanda ba ya jira shi ne ciwon Menkes, sunan likitan da ya bayyana shi a Amurka a 1962. Bai da yawa, kuma 'ya'ya maza ya fi kamawa, ta wajen uwa. Jikin yaron ba ya iya amfani da sinadarin jan ƙarfe da ke cikin abinci. Ana haihuwarsa kamar kowa. Wajen wata 2 zuwa 3 sai gashi ya koɗe, ya murɗe, ya yi kaushi kamar soson ƙarfe. Wuya ya ƙi tsayawa, jiki ya saki, ga jijjiga. Allurarsa ta fi amfani in an fara ta a makonnin farko, kafin ƙwaƙwalwa ta taɓu. Saboda haka in an taɓa rasa ɗa namiji ta wannan hanya, naki ko na 'yar'uwarki, faɗa wa ungozoma tun kina awon ciki. Ba abin kunya ba ne.

KADA A ASKE KAN YARO KAFIN A KAWO SHI. Gashin ne za a duba. Sili kaɗan ake yanka da almakashi, ba zafi. In malamar asibiti ta ba ki takarda zuwa Haɗeja, ko Dutse, ko Asibitin Malam Aminu Kano, a je da katin awo, maigida ma ya raka ki, don za a tambayi danginsa.