Ƙudajen Riyad: Yadda Ake Ƙera Jama'ar Bogi Don Toshe Bakin Masu Suka

A watan Oktoban 2018, bayan kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istanbul, jaridar New York Times ta bankaɗo wata sana'a da ake yi a Riyad da kewayenta. Ɗaruruwan matasa aka ɗauka aiki, ana biyan kowannensu kusan riyal 10,000 a wata. Ta WhatsApp da Telegram ake turo musu sunayen waɗanda za a far wa da adadin saƙonnin da za su wallafa a Twitter a rana. Masu suka a ƙasashen Larabawa suna kiransu ƙudajen intanet, wanda kuma ake danganta wa jagorancinsu shi ne Saud al-Qahtani, mashawarci a fadar sarki a lokacin, na hannun daman Yarima Muhammad bin Salman.

Me ya sa gwamnatin da ke da 'yan sanda da kotuna da gidajen yari za ta tsaya kiwon asusun bogi? Amsar tana cikin matsayin da Twitter ya samu a ƙasar. A Saudiyya babu jam'iyyun siyasa, zanga-zanga kuma haramtacciya ce, sai ya zama bayan guguwar sauyin ƙasashen Larabawa ta 2011 dandalin ne babban wurin da ɗan ƙasa zai yi kukan rashin aiki ko ya tambayi dalilin tsare wani malami. Rufe shi gaba ɗaya zai fusata miliyoyin matasa, ya kuma zubar wa ƙasar mutuncin da take nema a idon masu zuba jari. Cika shi da muryoyin haya ya fi araha, kuma idan asiri ya tonu ana iya cewa ai 'yan ƙasa ne masu kishi. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Abin da ya faru a nan shi ne sarkin ƙarfi ya gane haka, ya shiga ƙera yawan da kansa.

Ginin dandalin ma ya taimaka. Manhajar da ke zaɓar abin da ke tashe ƙirga saƙonni take yi, ba ta tambayar ko mutum dubu ne suka rubuta ko mutum goma masu asusu ɗari-ɗari. Idan maudu'i ya taso a kan wani fursunan siyasa ko yaƙin Yaman, sai ƙudajen su yi masa rubdugu da yabon shugabanni da shirme marar alaƙa, har mai neman labari ya gaji ya fita. Wani lokaci kuma su haɗu su kai ƙarar saƙon mai suka wurin kamfanin a lokaci guda, na'ura ta ɓoye shi. A watan Agustan 2017, ana tsaka da rikici da Katar, al-Qahtani ya fito fili ya nemi mabiyansa su turo sunayen masu tausaya wa Katar a ƙarƙashin maudu'in "baƙin kundi". Daga ranar, duk mai rubutu ya san maƙwabcinsa ma na iya miƙa sunansa.

Kuskure ne a ɗauka ana yin wannan wahala don a shawo kan mai suka. Binciken da Gary King na Jami'ar Harvard ya yi da Jennifer Pan da Margaret Roberts, wanda ya fito a 2017, ya ƙiyasta cewa gwamnatin Sin na ƙirƙirar saƙonni kusan miliyan 448 a shekara, kuma akasarinsu ba sa musu da kowa: kirari ne da kawar da hankali. Na Riyad sun ƙara da zagi da barazana, amma manufar ɗaya ce, mutum ya ji shi kaɗai ne a ra'ayinsa. Wanda ya rubuta jimla biyu ya tashi ya tarar da amsa ɗari biyar suna kiransa maci amanar ƙasa, ba shi da hanyar sanin nawa ne mutane a cikinsu. Mai karatu a gefe, wanda ya yarda da shi a zuci, shi ne ainihin wanda ake hari, domin shi ne zai goge abin da ya fara rubutawa.

Zagi kaɗai ba zai yi wannan tasiri ba da babu ankwa a bayansa. A 2015 wani injiniyan Twitter mai suna Ali Alzabarah ya leƙa bayanan asusu fiye da 6,000, kafin ya tsere zuwa Saudiyya, kamar yadda masu gabatar da ƙara na Amurka suka bayyana a 2019. Abokin aikinsa Ahmad Abouammo, wanda ya karɓi agogon alfarma da dala 300,000, an same shi da laifi a 2022. Abdulrahman al-Sadhan, ma'aikacin agaji na Red Crescent da ke da asusun barkwanci ba da sunansa ba, an kama shi a 2018, aka yanke masa shekara 20. Danginsa sun yi imanin ta wannan ɓaraka aka gano shi. Salma al-Shehab, ɗalibar digirin digirgir a Jami'ar Leeds, shekara 34 aka yanke mata a 2022 kafin a rage. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Muhammad al-Ghamdi, malamin makaranta mai ritaya, da aka yanke wa hukuncin kisa a 2023 kan rubuce-rubucensa, alhali mabiyansa a dandalin kusan goma ne. Daga baya an mayar da hukuncin ɗaurin shekara 30.

Kafin a kashe shi, Khashoggi ya gwada ramawa da irin makaminsu. Ya bai wa Omar Abdulaziz, ɗan adawa mazaunin Kanada, dala 5,000 don kafa rundunar "ƙudan zuma" da za ta riƙa amfani da layukan waya na ƙasashen waje. Masu binciken Citizen Lab sun gano cewa an riga an dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus a wayar Abdulaziz. Ni dai ban ga alheri a wannan hanya ba ko da ta yi nasara: idan kowane ɓangare ya kafa tasa runduna, mai karatu zai daina gaskata kowa, wannan kuwa mai mulki yake yi wa daɗi, tunda shi ba ya buƙatar a gaskata shi kafin ya zauna daram.

Mu ma a nan mun san 'yan data da sojojin baka, kuma a Janairun 2023 binciken BBC ya nuna yadda jam'iyyu a Najeriya ke biyan masu tasiri a kafofin sada zumunta su yaɗa ƙarya kan abokan hamayya. Bambancin shi ne namu na iyayen gida daban-daban ne masu gaba da juna, na Riyad kuwa ubangidansu ɗaya, shi ne kuma mai riƙe da mabuɗin kurkuku.

Kamfanin Twitter ya motsa, amma a makare. Sai a Satumban 2019 ya rufe asusun al-Qahtani, kusan shekara guda bayan an sauke shi daga muƙaminsa, Amurka kuma ta ƙaƙaba masa takunkumi. A Disambar shekarar ya cire asusu fiye da 88,000 masu alaƙa da kamfanin talla na Smaat, wanda ɗaya daga cikin jagororinsa, Ahmed Almutairi, na cikin waɗanda Amurka ta tuhuma a shari'ar leƙen asirin su Alzabarah. Bayan Elon Musk ya sayi dandalin a 2022 an sallami ma'aikata da yawa, shuɗin tambarin tantancewa ya koma na sayarwa, a 2023 kuma aka sa kuɗi mai tsada a kan ƙofar da masu bincike ke bi su gano irin waɗannan rundunoni. Yarima Alwaleed bin Talal da kamfaninsa na Kingdom Holding sun bar hannun jarinsu na kusan dala biliyan 1.9 a ciki, suka zama na biyu a girma bayan Musk.