Kuɗi Sun Koma Cikin Waya, Amma Sabis Ba Ya Shiga Shago A Madalla

Duk mutumin Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Shagamu da ya taɓa bin hanyar Abuja zuwa Kaduna ya san Madalla, watau garin nan na ƙasar Suleja a Jihar Neja da ke gindin Dutsen Zuma. Hoton dutsen ne aka buga a bayan takardar Naira 100 da aka fitar a 1999. To, yanzu cinikin da ake yi a gindin dutsen ba duka ake yin sa da takardar kuɗi ba. Mai doya da mai hatsi da mai kayan masarufi sun koyi karɓar kuɗi ta waya da na'urar POS, sai dai sau da yawa sabis yakan tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga shago.

Wayar salula irin ta GSM ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, lokacin da MTN da Econet suka fara aiki, Glo kuma ta biyo baya a 2003. A 2012 Babban Bankin Nijeriya ya fara shirin rage yawo da tsabar kuɗi, ya kuwa fara ne daga Ikko. Amma abin da ya tura ƙananan 'yan kasuwa da ƙarfi shi ne canjin takardun Naira 200 da 500 da 1000 a ƙarshen 2022. Da kuɗi suka yi wuyar samu a farkon 2023, wanda bai taɓa buɗe asusu ba ma sai da ya nemi OPay ko Moniepoint ko PalmPay, don in ba haka ba ciniki ya wuce shi.

Me ya sa waya takan kama a titi amma ta ƙi kamawa a cikin shago? Sabis iska yake bi daga turken kamfani zuwa waya, kamar dai yadda muryar rediyo take zuwa. Ƙarfe kuwa abokin gābarsa ne. Rufin kwano da ƙofar ƙarfe da kwantenar da aka mai da ita shago duk suna mai da shi baya, bangon siminti mai rodi kuma yana rage masa ƙarfi. Har ila yau, zangon da saƙon yake bi yana da bambanci. Na ƙasa, irin mai lamba 800 ko 900, ya fi ratsa bango. Na sama, irin 3,500 da sabis ɗin 5G ya hau da MTN ta fara shi a 2022, ya fi gudu amma bai jure wa bango. Sa'an nan ga cinkoso. Turke ɗaya yana da iyakar abin da zai ɗauka, saboda haka ranar kasuwa, in jama'a da motoci suka cika bakin hanya, sai ka ga waya ta nuna sabis cike amma kuɗi sun ƙi tafiya.

Hasarar da wannan ke jawowa ba ƙarama ba ce. Mai saye da motarsa ke jiran sa ba zai tsaya na'ura ta gama juyi ba, gaba zai yi. Wani kuma a cire masa kuɗi, takarda ta fito ta ce ciniki bai faɗa ba, sai rigima ta tashi tsakanin mutanen da suka daɗe da amana. Mafi muni shi ne ɗan damfara mai nuna saƙon ƙarya a wayarsa, alhali mai shago ba shi da sabis ɗin da zai duba asusunsa. Ku da kuke Kurmi kuna aika kuɗin kaya ku jira a yi muku lodi, jinkirin nan ku ma yana shafar ku.

Magani na farko ba ya cin ko kwabo: a ajiye na'ura kusa da ƙofa ko taga, a ɗaga ta sama, kada a cusa ta bayan buhuna ko firij. Na biyu, a riƙe layin kamfani biyu, domin turakunsu ba lalle su kasance waje ɗaya ba. Na uku, maƙwabta huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi akwatin intanet mai eriya, a kafa eriyar bisa rufi, a jawo waya zuwa ciki, a haɗa masa batir ko farantin hasken rana saboda ɗaukewar wuta. A tabbatar dai na'urar tana kama wayifai kafin a kashe kuɗi.

Akwai 'yar na'urar ƙara ƙarfin sabis da ake sayarwa a kasuwa ana ce mata busta. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gargaɗi cewa kafa ta ba tare da izini ba saɓa doka ne, domin takan dagula wa maƙwabta nasu sabis ɗin. Hanya mai tsabta ita ce shugabannin kasuwa su rubuta wa kamfani da sunan ƙungiya su nemi a duba wurin a ƙara na'ura. In kamfani ya yi kunnen uwar shegu, ana kiran NCC kyauta a lamba 622.

Wanda aka cire wa kuɗi ciniki bai faɗa ba, ya adana takardarsa ya tafi bankinsa, domin a 2020 Babban Banki ya ba bankuna sa'a 72 su warware irin wannan matsala ta POS. Mai shago kuwa, ko a Madalla yake ko a Agege ko Sabon Badun, kada ya miƙa kaya sai ya ga kuɗi sun sauka a asusunsa da idonsa.