Kurungu: Ƙaramin kifi mai ƙaya uku da ya dogara da ambaliyar kogin Sakkwato

Cikin kifayen da masunta ke fitowa da su daga madatsar ruwa ta Bakolori zuwa kasuwannin Talata Mafara da Maradun akwai kurungu, kifin da matan gida ke kaffa-kaffa da ƙayarsa wajen gyara.

Wasu na ɗaukarsa ƙaramin tarwaɗa ne, amma ba haka masana suka rarraba shi ba. Gaskiya ne kurungu da tarwaɗa da ragon ruwa duk suna cikin babban rukunin kifaye masu gashin baki marasa ɓawo, rukunin da har a teku yana da 'yan uwa. Sai dai kurungu yana cikin dangin Mochokidae, wanda a Afirka kawai ake samu. Masanin Faransa Georges Cuvier ne ya raɗa wa jinsinsa suna Synodontis a 1816, kuma yanzu an san nau'i sama da 100.

Ana gane shi da ƙashi mai tauri da ya rufe kansa, da ƙaya uku: ɗaya a gadon baya, biyu a gefe. Idan ya ji haɗari sai ya miƙe su su kafe, ya gagari babban kifi haɗiya. Gurnanin da yake yi idan an kama shi kuwa daga gogayyar ƙayar gefe da mazauninta yake fitowa. Akwai nau'in da ke iyo a rigingine domin cin abin da ke saman ruwa, cikinsa ya fi bayansa duhu.

Kamar yawancin kifayen kogi, kurungu kan yi ƙwai ne da damina, lokacin da ruwa ya malala fadamu, inda 'ya'yan ke samun abinci da maɓoya.

A nan matsalar take. Tun da aka kammala Bakolori a 1978, ambaliyar da ke cika fadamun da ke ƙasan madatsar, ta wajen Bakura, ta ragu, kamun kifi ma ya ja baya. Ga kuma raga mai ƙananan idanu, wadda ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai ga yin ƙwai ba.

Sakin ruwan madatsa yana hannun hukuma, amma girman idon raga abu ne da sarakunan ruwa da masunta za su iya tsayar da magana a kai tun kafin damina mai zuwa.