Ina Zabi Ke Yini, Ina Suke Kwana?

Mai kiwon zabi a Gaya ko Ajingi ba ya sa ran ganinsu da rana. Kaza tana tono a gindin danga, zabuwa kuwa da ta sauko daga bishiya sai ta miƙi gona. Jinin daji bai bar jikinta ba, domin ita da zabuwar daji iri ɗaya ne, wanda masana ke kira Numida meleagris.

Masu nazarin tsuntsaye sun rubuta cewa garken zabin daji kan taka kilomita 10 a yini. Kada adadin ya ruɗe mu: kai-komo ne aka tara, daga makwanci zuwa mashaya, zuwa wurin kiwo, zuwa inuwar da za su yi birgima a ƙasa idan rana ta take. Nisansu da bishiyar kwana bai kai haka ba. Kuma duk da ƙafa suke yi. Zabuwa ba ta tashi sai an firgita ta, ko magariba ta yi za ta hau reshe don tsere wa muzuru da kare.

Da damina yawon kan ragu. Fara da gara da tsutsa suna ko'ina, garke ya watse bibbiyu, mace da namiji. Sai dai a lokacin ne mai kiwo ke shan wahala, don zabuwa ba ta yarda ta yi ƙwai a akurki. Cikin gero ko duhuwar ciyawa take ɓoyewa, wani lokaci zabi da yawa a gurbi ɗaya, kuma ba lallai a gonar mai su ba. Rigimar maƙwabta da yawa daga nan take tashi. Wanda ya gano gurbin yakan kwashe ya bar kaɗan, ya sa wa kaza ta yi kwanci kwana 26 zuwa 28, domin uwar kan ja 'ya'yanta cikin raɓa su mutu. Bayan kaka garke ya sake haɗuwa yana kalar hatsi. Da kududdufai sun ƙafe, tafiya ta ƙaru zuwa fadama.

A Kenya, Damien Farine da abokan aikinsa sun ɗaura wa wani nau'in zabin daji na'urar GPS a cibiyar bincike ta Mpala. Sun gano cewa garke mai 'yan tsaki ba ya nisa, kuma fari na sa garke ya faɗaɗa yawonsa. Makiyayin Ajingi ba zai yi mamaki ba.

Talo-talon daji na Amurka ma haka yake rayuwa: ya kwana a kan bishiya, ya sauko da asuba, ya yi mil ɗaya ko biyu yana kiwo. Farauta da sare daji sun kusa ƙarar da shi a farkon ƙarni na 20. Da daji ya farfaɗo, aka riƙa kamo na daji ana sakinsu a sababbin wurare, har suka koma miliyoyi. Waɗanda aka ƙyanƙyashe a keji aka saki kuwa, yawancinsu ba su rayu ba.

A ganina, abin da ya fi korar zabin daji daga gabashin Kano gatari ne, ba bindigar maharbi kaɗai ba. Gona ta haɗe da gona, kuma duk tsamiya ko ɗorawar da ta zama gawayi makwanci ne ya tafi. Garken da ya rasa inda zai hau da dare ba ya zama, ko da abinci ya wadata.

Zabin gida ma da makwanci ake riƙe su. Masu kiwon da suka ƙware sukan watsa musu ɗan gero da yamma, a ajiye kaskon ruwa a gindin bishiyar da ake so su saba da ita. Waɗanda kaza ta rena sun fi saurin koyon hanyar gida, ko da yake su ma da sun girma sukan bar akurki su koma kan darbejiya.