Karin Maganar Turanci: Inda Google Translate Kan Yi Tuntuɓe

Tun 2013 Google Translate ke fassara Hausa, amma karin maganar Turanci kan ba shi wahala, don wani lokaci kalma-kalma yake bi. Idan abokin karatunka a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya turo maka "break a leg" a WhatsApp ana gobe jarrabawa, kada ka zaci mugun baki ne, fatan nasara yake yi maka. "Under the weather" kuwa ba ruwansa da zafin Sakkwato, yana nufin mutum ba ya jin daɗin jikinsa. "Spill the tea" na 'yan TikTok gulma ake nema, babu mai shayi a zancen.

Duk jimlar da fassararta ta fito bambaraƙwai, kwafe ta ka liƙa a Google, ka ƙara "meaning" a ƙarshe.