Waƙar Waƙoƙi: Littafin da Kunya Ke Sa a Tsallake

Duk mai zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo daga cikin garin Sakkwato sai ya ratsa Kwalkwalawa, inda fadamar Gulbin Rima ta shimfiɗe dama da hagu, ga masu noman rani, ga masunta, ga kifi ana ciniki a bakin titi. A watan Satumba na 2010 ruwa ya nuna wa mutanen wurin iyakarsu. Ambaliya ta yanke hanya, ta tafi da gada, malamai da ɗalibai suka koma hawan kwalekwale. Kiristan da ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar dogon sharhi in ya kai sura ta 8 ta Waƙar Waƙoƙi, wurin da mawaƙin ya auna ƙauna da abu biyu da ba a ja da su, mutuwa da ambaliya, ya kuma nuna ruwan ne zai gaji.

Littafin ɗan ƙarami ne, sura 8, aya 117, yana biye da Mai Hadishi a cikin Littafi Mai Tsarki, ana kuma jingina shi ga Sarki Sulemanu. Babu doka a ciki, babu annabci. Ko sunan Allah bai fito fili ba, in ban da ƙarshen wata kalmar Ibrananci a sura ta 8 da masana ke jayayya a kanta har yau. Abin da ke ciki saurayi ne da budurwa suna yabon juna, suna neman juna, kuma bakin macen ya fi yawa.

Yana nan cikin Hausa tun 1932, shekarar da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi shekaru yana fama da shi. Aka sake fassarawa a 1979. Amma da wuya a ji fasto ya ɗauke shi ya hau mumbari ranar Lahadi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kunya. A ƙasar da mace ba ta kiran sunan mijinta, wa zai tsaya gaban surukansa ya karanta yabon wuya da leɓɓan amarya? Har kalmomin ma an raba musu gida. A majami'a "ƙauna" ake cewa, "soyayya" kuwa an bar wa littattafan Kano da finafinai. Ibrananci bai yi wannan rabo ba. Tushen kalmar da Attaura ta umarci mutum ya ƙaunaci Ubangiji da ita, shi ne dai wanda masoyan nan biyu suka ɗauka.

Ba Bahaushe ne ya fara jin nauyin littafin ba. Malaman Yahudawa sun yi gardama kan matsayinsa, sai Rabbi Akiba ya tsaya masa, ya ɗora shi sama da sauran rubuce-rubuce a tsarki. Su sun karanta shi a matsayin labarin Allah da Isra'ila, shi ya sa ake karanta shi a Idin Ƙetarewa. A ƙarni na 3 Orijin, malamin Iskandariya ta Masar, ya fassara ango da Almasihu, amarya da ikilisiya ko ran mai bi, ya kuma gargaɗi wanda bai balaga a ruhu ba da ya dakata tukuna. Wannan fahimta tana da madogara: annabi Yusha'u ya kwatanta alkawarin Allah da aure, Bulus ya yi haka a Afisawa sura ta 5, Wahayin Yahaya kuma ya ƙare da bikin aure.

Basakkwace bai kamata wannan ya zama masa baƙon abu ba. Garin da aka tashi ana jin Ishiriniya da ƙasidar begen ziyarar Madina da Shehu Usmanu ya tsara tun yana saurayi, ya san yadda ake aron harshen masoya a yi ibada da shi. Aƙida daban take, ba a musu, amma kalmar "bege" kowa ya san zafinta.

Hotunan littafin ma na mutanen fadama ne. Budurwar ta yi baƙi saboda 'yan'uwanta sun sa ta gadin gona a rana. Ana kwatanta gashinta da garken awaki masu gangarowa daga tudu, haƙoranta da tumakin da aka wanko. Ana kukan ƙananan dilolin da ke ɓarnar lambu lokacin huda. Mai karatu a Landan sai ya nemi littafin sharhi. Manomin Kwalkwalawa ya san abin da ɓarnar dare ke yi wa shuka.

Inda masu wa'azi kan yi kuskure shi ne gaggawar haurawa sama, a maida kowace gaɓa alama, a manta da mutanen biyu. In soyayyar miji da mata abin ƙyama ce, da ba a zaɓe ta ta zama madubin ƙaunar Allah ba. Fafaroma Benedict na 16 ya bi ta wannan hanya a wasiƙarsa ta farko ga ikilisiya, wadda ya sa wa hannu a Disamba 2005: so mai neman biyan buƙatar kansa yana girma ya zama mai sadaukarwa, ba a kashe shi. Littafin kuma bai ɓoye wahala ba. A sura ta 5 budurwar ta yi nawar buɗe ƙofa, masoyin ya tafi, ta fita nemansa da dare, masu gadin gari suka doke ta. Wanda ya taɓa yin addu'a ya ji shiru, ya san wannan daren.

Ana iya karance littafin kaf cikin ƙasa da rabin awa. Bernard, shugaban gidan sufayen Clairvaux a Faransa, ya yi wa'azi 86 a kansa, ya rasu a 1153 bai wuce farkon sura ta 3 ba.