In Motar Amfanin Gona Ta Ƙi Tashi

Kaka ta yi, manomi ya ɗinke buhunansa, ɗan kasuwa ya biya kuɗin lodi, sai da asuba mota ta ƙi tashi, ranar kasuwa kuwa ba ta jiran kowa. Sau da yawa laifin ba na inji ba ne, na batir ne, gama sanyin hunturu yana rage masa ƙarfi.

Kafin a aika kiran makanike, sai direba ya kunna fitilun gaba, sa'an nan ya murɗa makulli. In hasken ya dushe, watau ko batir ya yi sanyi, ko kuwa kawunansa sun yi datti. In fitilu suna nan garau amma ba motsi, to, a nemi laifin wajen sitata ko wayarta.

Dattin kan batir shi aka fi rainawa, alhali farin garin nan da ke taruwa wurin yana tare wuta. Sai a fara kwance wayar da ke haɗe da jikin mota, don kada sifana ta ta da tartsatsi. A wanke kawunan da ruwan kanwa, amma kada ya shiga cikin batir. A kankare, a ɗaure tam, a shafa giris. Mai shan taba ya yi nesa, domin iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta.

In kuwa kowace safiya sai an tura, a duba fambel. In ya saki, batir ba ya samun caji.